Uwar Maƙerar Baba Audu

Ku matso inuwa, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da kuka sauko daga motar Rijiyar Zaki nake jin kuna cewa aikin ba wani abu ba ne, wai a ɗora maganaɗisu a kan dutse, in ya kama to daga sama ya faɗo. Da haka ne, da duk mai gyaran rediyo a kasuwar Kunci ya zama attajiri. Maganaɗisu yana kama bakin gatari, yana kama ƙusa, yana kama kashin maƙera, wato dattin narka tama da kakanninmu suka zubar a bayan gari. Ni Isuhu, a wannan sana'a ta tantance ƙarfen sama na yi furfura, kuma har yau in aka miƙo mini abu ba na saurin buɗe baki.

Ni ɗan maƙera ne, a wani ƙauye gabas da Kunci aka haife ni. Tun ban kai tsawon ƙotar garma ba nake zuga wa mahaifina wuta. Ba dutse ne ya kai ni Kano ba, aikin walda na je nema. Sai aka haɗa ni da wani dattijo, Alhaji Bukar, wanda kakanninsa suka zo daga Borno da fataucin kanwa suka zauna a birni. Shi ma kanwar ya gada. Amma Buzayen da ke kawo masa kaya daga hamada suka fara zuwa da wasu baƙaƙen duwatsu masu nauyi a ƙulle cikin gefen rawani, suna cewa Larabawa na saye su kai wa Turawa masu tara irinsu. Da haka ya shiga harkar. Abin da ya rasa shi ne mai hannu, wanda zai riƙe zarto da magagari bai ɓata kaya ba. Ya kama tafin hannuna, ya ga kanta, ya ce in dawo da safe.

Aikin farko da ya ba ni wani dunƙule ne kamar goruba. Ya ɗaure shi a matsi, ya nuna mini kusurwa da farce, ya ce in yanko masa ɗan siriri. Na raina abin. Ni da na saba sarar ƙarfen mota? Tun hantsi nake ja har aka kira la'asar, bakin zarto yana karyewa ina sakewa, kafaɗata kamar za ta fita. Da na gama na kai masa ina jiran yabo. Ya ɗaga shi wajen haske, ya juya, ya ce, "Ɗan maƙeri, ka karkace. Duk abin da zarto ya ci ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Ƙarfen mota in ka ɓata sai ka sayo wani. Wannan in ka ɓata, wa za ka aika ya sayo maka?"

Daga ranar sai guga. Na daɗe ba na yin komai sai goge fuskar ƙarfe da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har sai na ga idona a ciki. Ku dubi yatsun nan nawa, zanensu ya shafe. Lokacin da aka zo yin katin zaɓe injin ya ƙi karanta su, sai da ma'aikacin ya gaji ya rubuta da hannu.

Ranar da ya fara bari na tsaya kusa da kwanon asid, ba na mantawa. Ya haɗa ruwan a ƙaramin kwanon tangaran, ya ce in tsaya ta inda iska ke fitowa. Ya tsoma auduga ya shafa a fuskar ƙarfen da na goge, a hankali, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da farko ba komai. Can sai layuka suka fara fitowa daga ciki, suna ratsa juna, kamar saƙar tabarmar kaba. Ba wanda ya zana su. Ya ce, "Ka gani? Babu maƙerin da zai iya wannan, ko a Turai. Ƙarfe ne da ya yi sanyi a hankali, tsawon zamanin da Allah kaɗai ya san iyakarsa. Wutar mutum gaggawa gare ta."

Wannan saƙar ita ce farkon karatunmu. Akwai mai manyan layuka kamar faɗin yatsa, akwai matsakaici, akwai mai sirara da sai ka sa gilashin dubawa. Daga nan kake fara hasashen dangin da ya fito, domin masana sun kasa ƙarfen sama dangi-dangi, kamar yadda aka kasa mutane, kowane dangi daga uwa ɗaya ya fashe. Mu a nan hasashe kawai muke yi. Hukuncin ƙarshe sai an aika ɗan gutsure ƙasar waje, ɗakin gwaji ya auna abubuwan da ido ba ya gani. Muna kuma da wani ruwan gwaji da Larabawa ke kawo mana. In ka shafa audugar ta yi ja kamar zoɓo, to akwai nikel, wani farin ƙarfe da ƙarfen sama ba ya rabuwa da shi. Amma kada ku yi murna, wasu ƙarafan inji ma suna da shi. Na taɓa ɓata yini guda a kan abin da ya zama guntun haƙorin motar tona ƙasa.

Masu sayen kuwa, yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Tsakaninmu da su akwai dillalai, mu namu wani Balarabe ne da muke kira Sidi, yakan zo Kano lokaci-lokaci, sauran magana a waya. Abin da na fahimta game da masu tara duwatsun nan shi ne, ba sa son abin da kowa ke da shi. Ka kai musu ƙarfe mai kyau, mai saƙa tsaf, su ce suna da irinsa. Ka kai musu mummuna, mai tabo, wanda ya ƙi bin ƙa'ida, sai su hana ka barci da kira. Su kuma yi ta gardama a tsakaninsu, wannan ya ce na dangi kaza ne, wancan ya ce ƙarya ne, kai kana nan Kano da tari a ƙirji kana jiran su gama.

Mafi yawan aikin dai cewa a'a ne. Wannan ne ba a nuna muku a bidiyo. Mutum zai taso daga nesa a bayan babur, da abu a naɗe cikin tsumma kamar jariri, ya ce da idonsa ya ga ya faɗo da wuta. Ka duba ka ga marmara ce, ko kashin maƙera mai ƙananan ramuka kamar burodi. Dole ka nemo yadda za ka faɗa masa ya koma gida da mutuncinsa. Alhaji Bukar yakan sa a ba shi ruwa tukuna, ya tambaye shi gona, ya tambaye shi iyali, sannan ya ce, "Malam, wannan ɗan ƙasa ne irinmu."

Bayan na yi aure na dawo nan gefen Kunci na kafa rumfata, don in haɗa da noma. Alhaji ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai in na samu abin da ya fi ƙarfina in kai masa.

Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, wani mutum ya zo mini. Sunansa Haladu, maƙeri ne daga wani ƙauye kusa da Makoɗa, na san gidansu ta wajen mahaifina. Ya ciro wani ɗan gutsure daga aljihu, bai fi ƙwayar dabino ba. Ya ce, "Malam Isuhu, duba mini wannan. Daga jikin uwar maƙerarmu na sare shi da kurfi. Kurfi biyu na kashe kafin ya fita."

Uwar maƙera, in ba ku sani ba, ita ce ƙarfen da maƙeri ke ɗora aiki a kai ya daka. Na ce masa me ya sa ya yi wa kayan aikinsa rauni. Ya ce ɗansa ne ya nuna masa hoto a waya, ya ga jikin ƙarfen saman yana da lotsa-lotsa kamar an danna yatsa a cikin tuwo, kuma tasu haka take. Na tambaye shi ko yayansa, wanda maƙerar ke hannunsa, ya sani. Ya kau da kai ya ce, "Yaya Audu ya tafi ta'aziyya."

Na goge gutsuren, na shafa asid. Ba saƙa. Na sake gogewa, na ƙara ƙarfin ruwan, na shafa. Fuskar ta yi toka-toka kawai, shafal, sai wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar an yayyafa masoro. A ƙa'ida sai in ce ƙarfen mutum ne in sallame shi. Amma da na sa ruwan gwaji audugar ta yi jan da ban taɓa gani ba, har ya rina mini yatsa. Akwai ƙarfen sama marar saƙa, na taɓa riƙe guda biyu a wajen Alhaji, amma ba su da wannan ɗigon. Haladu yana tsaye a kaina yana cewa, "Yaya? Shi ne?" Na ce masa ban sani ba. Ku riƙe wannan, ita ce kalmar da ta fi wuyar faɗa a sana'ar nan, kuma ita ce mutane suka fi tsana. Mai cewa e yana da abokai, mai cewa a'a ana zaginsa a wuce. Mai cewa ban sani ba, kowa ya ɗauka ɓoye wani abu yake yi.

Na kai wa Alhaji Bukar. Lokacin ba ya ganin layi ko da gilashi. Ya murza gutsuren a yatsunsa, ya ɗora a harshe, ya sa na bayyana masa ɗigon dalla-dalla. Sannan ya ce, "Isuhu, ban taɓa riƙe irin wannan ba. Je ka ga uwar da idonka. Amma ka shiga da sallama, ba da sikeli ba."

Na je. Maƙerar rumfar kara ce a ƙarƙashin wata tsamiya, gonakin gyaɗa sun kewaye ta har bakin danga. Baba Audu, yayan Haladu, yana zaune yana ƙera fartanya, don lokacin kowa na shirin shuka. Dattijo ne siriri, marar yawan magana. Uwar maƙerar tana gabansa, rabinta a binne cikin ƙasa, girmanta kamar ɗan maraƙi a kwance. Samanta ya yi sumul yana ƙyalli saboda dukan masaba na kaka da kakanni, gefenta kuwa baƙi ne mai lotsa-lotsa. Abin da na fara lura da shi sautinta ne. In ya daka, ba ta ƙara irin ta ƙarfen mota, wani amo take yi mai zurfi da kake ji a tafin ƙafa.

Muka gaisa, ya tambayi mahaifina, na ce ya rasu, ya yi masa addu'a. Sannan ya nuna wurin da Haladu ya sara, ya ce, "Na ga aikin da aka yi ba na nan. Kai ne mai duba duwatsun?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Kakan mahaifinmu ne ya tono ta a gona, aka jawo ta da shanu. A kanta aka ƙera garmar da ta noma duk abin da ka gani nan. Ko daga sama ta zo ko daga ƙasa, duk na Allah ne. Ba ta sayarwa ba ce. Ka sha ruwa?"

Na sha ruwa na tafi. Amma gutsuren na Haladu ne, shi kuma ya ce a aika. Sidi ya karɓa ya tura ƙasar waje, aka ce mu jira.

Wannan jiran shi ne mugunyar shekarar da zan ba ku labarinta. Ban san bakin da ya fitar da maganar ba, amma kafin a yi noman farko ta zaga ko'ina cewa an samu ƙarfe a Makoɗa wanda zai sayi gari guda. Kun san ƙasar nan tamu, gona na jikin gona, kuma kusan kowane ƙauye akwai tsohon juji inda kakanni suka narka tama. Sai mutane suka bar ciyawa tana cin gyaɗa, suka koma tona. Na ga magidanci ya farke kunyoyin dawarsa da ta kai gwiwa saboda fartanya ta yi ƙara a wuri ɗaya. Ƙananan motocin haya suka riƙa sauke buhuna a ƙofar rumfata. Tun safe har magariba ina fasa kashin maƙera da guduma ina nuna wa masu shi ramukan ciki. Ba wa baƙi ruwa ma ya gagare ni, ballantana tambayar iyali.

Wani mai suna Sabo ya kawo buhu biyu, shi da 'ya'yansa suka tona, gonarsa kuwa ta zama saura. Na duba ɗaya bayan ɗaya na ce babu. Ya ce in sake dubawa. Na sake. Ya tafi, washegari ya dawo da mutane, wai akwai wani baƙi mai nauyi a cikin buhun da na ɗauke na musanya masa. Aka kai ni gaban dagaci. Na zazzage rumfata kaf a gaban jama'a, ba a ga komai ba, dagaci ya sallame ni ya ba Sabo haƙuri. Amma har kaka ta wuce, in na ratsa kasuwa sai in ji ana cewa ga mai musanya nan. Ban riƙe Sabo a zuciya ba. Mutumin da zai shiga rani da rumbu wayam dole ya nemi wanda zai ɗora wa.

Sai kuma 'yan damfara suka shigo. Wasu masu walda a birni suka koyi narka ƙarfe su lotsa shi, su binne a taki ya yi baƙi, su ɗauki hoto su tura wa Turawa kai tsaye. Aka cuci wasu masu saye. Daga nan duk abin da aka ce daga wajenmu ya fito, sai su ja baya. Kaya na gaskiya da Buzaye suka kawo mini ya zauna a akwati ba mai tambaya. A cikin ranin nan ne Alhaji Bukar ya kwanta, Allah ya karɓi abinsa. Bai ji amsar gutsuren ba.

Amsar ta zo bayan mun fid da rai. Sidi ya kira ni. Ya ce ƙarfen sama ne na gaskiya, amma sun auna sun sake aunawa, bai shiga kowane dangi da aka sani ba. Shi kaɗai ne. A wajen masu tarawa babu abin da ya fi wannan daraja. Nan take suka fara halinsu. Wani ya ce ai ɗan'uwan wani ƙarfe ne da aka samu a wata ƙasa, wani ya ce sam, ɗigon ya bambanta. Kowa yana son yanki babba don ya tabbatar da maganarsa, kowa yana tsoron ɗan'uwansa ya riga shi.

Na je na faɗa wa 'yan'uwan biyu tare, don kada a ce na fifita wani. Baba Audu ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da zuga wuta. Haladu kuwa ya ce, "Yaya, ka ji fa. Rufin ɗakinka yana zuba. 'Ya'yanmu duk sun gudu birni acaɓa, ba mai son ƙira. Wa za mu bar wa ita?"

Baba Audu ya ce, "Wanda ya bar mana ita bai tambayi wannan ba."

Ba na ganin laifin Haladu, maganarsa gaskiya ce. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Suna da 'yan'uwa mata da ke aure a wasu garuruwa, da marayun wani ƙanensu. Lokacin da mahaifinsu ya rasu an raba gona, an raba awaki, ba wanda ya tuna da uwar maƙera, don ba a ɗauke ta dukiya ba. Yanzu kowa ya tuna. Aka tara su gaban limamin ƙauyen, Malam Habu, aka kira ni in yi bayanin abin da na sani. Liman ya saurari kowa, ya ce, "Malam Audu, kai ne babba, kuma kai ka raya ta. Amma gado ne, akwai haƙƙin marayu a ciki. In magada sun nemi a raba, sai an raba. Ko ka fanshi rabonsu, ko a sayar."

Kowa ya san Baba Audu ba shi da abin fansa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji. A ba kowa nasa. Amma ni kada a ba ni kuɗi. A yanka mini rabona a ƙarfe, a bar mini saman, inda nake daka."

Ni aka ba aikin yankan. Ba wanda zai iya a kusa, kuma na gwammace in yi da kaina da a kawo mai yankan rodi ya ƙone ta. Aka tono ta, majiya ƙarfi suka ɗora ta a amalanken shanu zuwa Makoɗa, inda muka yi hayar injin yanka da janareta. Ban taɓa yin aikin da ya ci ni kamar wannan ba. Faifan yanka yana taɓa ta sai ya yi ta kuka yana cinyewa. In ka matsa ta yi zafi, zafi kuma yana ɓata cikin ƙarfen, don haka sai ka yanka kaɗan, ka zuba mai, ka jira. Kwanaki muka yi. Ƙurar ƙarfe ta shiga mini ido, tun daga lokacin na hagun nan yake ruwa.

Baba Audu kullum yana zuwa. Ya shimfiɗa buzu a gefe, carbi a hannu. Sau ɗaya kawai ya yi magana, da na kawo faifan kusa da wani ɗan lanƙwasa a gefen saman. Ya ɗaga hannu ya ce, "Isuhu, kauce wa nan. A nan mahaifinmu yake tanƙwara lauje." Na kauce.

Aka ba shi samanta, falle mai kauri kamar faifan tuwo. Sauran na yanka shi yanki-yanki yadda Sidi ya nema, na goge, na busar a rana, na shafe da mai, na naɗe kowanne daban, duk yadda aka koya mini. Sidi ya ɗauki kashin farko ya tafi, ya ce in an ga kaya zai dawo ya kwashe sauran. Magada suka samu wani abu a hannu, aka yi wa marayu sutura, Haladu ya sayi kwanon rufi.

Da damina ta dawo sai na buɗe akwatin da sauran yankunan suke. Na ga fuskar ɗaya ta yi ɗigon ruwa ja-ja, kamar gumi. Na goge na sake shafa mai. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, har da na kusa da shi. Ba a jima ba Sidi ya kira. Ya ce yankunan da ke hannun Turawa ma haka suke yi, a cikin akwatunan gilashinsu, tsatsa tana fitowa daga ciki tana fasa su ta wajen ɗigon nan. Masana suka ce gishirin ƙasa ne ya shige uwar maƙerar tun zamanin da take kwance a gona, kafin kakan mahaifinsu ya tono ta. Muddin tana dunƙule, da baƙar fatarta da dukan masaba da hayaƙin maƙera, ba abin da ya same ta. Da aka buɗe cikinta iska ta shiga, shi ke nan. Akwai ƙarfen sama mai wannan hali, kuma ba mai gane shi sai an yanka.

Masu tarawa ba sa son abin da zai ruɓe musu a hannu. Waɗanda suke rige-rige suka yi tsit. Gardamar danginta dai ba su bari ba, na ji har yanzu suna yi, amma saye ya tsaya. Sidi bai dawo ba. Sauran yankunan na mayar wa magada, kowa ya ɗauki nasa. Na ji wata daga cikin matan tana danne murfin tukunya da nata.

Bara, da shuka ta matso, garmata ta karye, na ce bari in kai wa Baba Audu in gaishe shi. Na same shi a ƙarƙashin tsamiyar, ya ƙara tsufa. A gabansa an kafa guntun gatarin babbar mota, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, a cikin kututture, irin wanda kowane maƙeri ke amfani da shi yanzu. Fallen nasa yana jingine a jikin danga, ya yi ja, gefensa yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Ya ga ina kallo, ya ce tun farko ma bai zauna ba, ya yi rashin nauyi, in ya daka sai ya yi tsalle. Daga baya ya tsage ta tsakiya.

Ya karɓi garmar, ya sa a wuta, ni na kama masa zugazugi. Muna jiran ƙarfe ya yi ja sai ya ce, "Isuhu, ban taɓa tambayarka ba. Su mutanen can, da suka gama aune-aunensu, me suka ce ita ce?"

Na ce, "Baba, lamba suka ba ta. Sun rubuta cewa ba ta da dangi."

Ya juyo ya dube ni. "Ba ta da dangi?"

Na ce haka suka rubuta.

Ya ciro garmar da awartaki, ya ɗora a kan ƙarfen motar, ya ɗaga masaba. Sai ya tsaya da ita a sama, ya ce, "To mu fa?"

Ya sauke masabar, ƙarfen motar ya yi ƙara mai kaifi, ya ce in ƙara wuta.